Tambayoyi da amsoshi kan tara littafan sinimar Faransa masu sa hannun marubutansu

Tun da mutane suka gane ina tara tsofaffin littafan fim na Faransa waɗanda masu su suka sa wa hannu, tambayoyi ke ta zuwa, kuma kusan iri ɗaya ne kullum, wasu so suke su fara, wasu kuma mamaki ne kawai ke cinsu wai mutum da hankalinsa zai zuba yuro a kan tsohuwar takarda mai warin ɗaki. Toh ga amsoshin na haɗa waje guda don bakina ya huta.

Malam wai takamaimai me kuke tarawa ne?

Littafan da mutanen fim ɗin Faransa suka rubuta da kansu ko aka rubuta a kansu, daga zamanin fim marar magana har zuwa tashen samarin nan na ƙarshen shekarun 1950 da ake kira Nouvelle Vague, su Truffaut da Godard da Chabrol da Rohmer da Rivette. Abin da ya sa harkar ta yi daɗi a Faransa shi ne daraktocinsu marubuta ne, da yawansu ma da sharhin fim a jarida suka fara kafin su taɓa kyamara. Louis Delluc ya fitar da Photogénie a 1920, Jean Epstein ya fitar da Bonjour cinéma a 1921, Jean Cocteau ya rubuta abin da ya faru kullum a wajen ɗaukar La Belle et la Bête aka buga a 1946, Jean Renoir yana da Ma vie et mes films na 1974, Robert Bresson kuma ɗan siririn littafinsa Notes sur le cinématographe da Gallimard ta buga a 1975. Irin waɗannan. Sai labaran fim da aka buga a matsayin littafi, kamar Hiroshima mon amour na Marguerite Duras a 1960 da L'Année dernière à Marienbad na Alain Robbe-Grillet a 1961.

Sa hannu ai sa hannu ne, me ya sa wani ya ninka wani tsada?

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Akwai wanda sunansa kawai ya rattaba, shi ne za ka ga an rubuta signé a bayanin mai sayarwa. Akwai kuma envoi, wato ya rubuta wa wani mutum takamaimai, "ga wane, da gaisuwa" ya sa suna wani sa'in har da kwanan wata. Sabon shiga yakan ce shi ba ya son mai sunan wani a ciki, ya fi son sa hannu zalla, alhali a wajen Faransawa envoi ɗin shi ne nama, kuma darajarsa tana bin wanda aka rubuta wa. Ka ɗauka littafin Renoir ne guda biyu iri ɗaya, ɗaya ya sa wa wani da ya tare shi a layi bai ma san shi ba, ɗaya kuma ya rubuta wa ɗan wasan da ya fito a fim ɗinsa ko wani daraktan da yake girmama shi, ai ka san ba za a haɗa su a sikeli ɗaya ba. Na biyun shaida ce cewa wannan kwafin ya fita daga hannun wane ya shiga hannun wane, abin da ake biya kenan, tawadar ba komai ba ce.

Kuma envoi ya fi wuyar ƙirƙira. Ɗan damfara zai iya koyon zana suna ɗaya ya yi ta maimaitawa har hannunsa ya faɗa, amma layi huɗu na rubutu da salon maganar mutumin da sunan abokinsa na gaske da kwanan watan da ya dace, wannan aiki ne.

Za ka riƙa cin karo da littafan da aka kankare sunan wanda aka ba, ko aka yanke wajen da reza. 'Yan jarida ne da masu sharhi, ana aiko musu kyauta su kuma su kai kasuwa, sai su goge sunansu don kar marubucin ya gani a teburin 'yan gwanjo ya ji haushi. Yana rage kuɗi sosai, amma ni yana ba ni dariya.

Menene S.P. da nake gani a bayan wasu littafan?

Service de presse, kwafin da kamfanin ɗab'i ya ware don rabawa 'yan jarida kafin littafi ya shiga kanti. Wani lokaci an buga haruffan a bango, wani lokaci an huda su da 'yan ƙananan huji. A al'adarsu marubuci yakan je ofishin kamfanin ya zauna gaban tulin littafai ya yi ta rubuta wa kowa nasa, shi ya sa envoi na gaske da yawa a kan S.P. ake samunsu, in ka ga envoi ga wani sanannen mai sharhi a kan S.P. to labari ya hau kan hanya. In marubucin baya gari kuma sai a saƙa ɗan kati bugagge mai cewa "hommage de l'auteur absent de Paris", ma'ana gaisuwa daga marubuci baya Paris. Wannan katin ba sa hannu ba ne, kar wani ya caje ka kuɗin sa hannu a kansa.

Ya zan gane bugun farko?

Juya ƙarshen littafin. Faransawa suna da wani ɗan rubutu a shafin ƙarshe da ake kira achevé d'imprimer, yana faɗin ranar da aka gama bugawa da sunan maɗaba'a, kusa da shi akwai dépôt légal mai nuna shekara da zangon da aka kai wa hukuma kwafi. Wannan ne takardar haihuwar littafin, ba shekarar da ke gaba ba. Sannan ka duba bayan shafin suna, in an yi bugu na musamman za a lissafa, kwafi kaza a kan takarda kaza masu lamba daga kaza zuwa kaza. Su ake kira grands papiers, takardun Japon da Hollande da vélin pur fil, an fi daraja su saboda kaɗan ne kuma takardar ba ta yin ja ta karye kamar ta gama-gari. Littafan fim da yawa ba a yi musu wannan ba sam, to a nan bugun talakawan shi ne bugun farko kuma mai sayarwa na kirki zai faɗa maka.

Wata dabara ta kamfanonin da: a bugu ɗaya sai su rubuta wa wasu kwafin "5e édition" ko "10e mille" a bango, wato bugu na biyar ko dubu na goma, don a ce littafi na tafiya. Ana ce masa mention, kwanan watan ciki ɗaya ne da na farkon amma masu tarawa sun fi son wanda bangonsa ba komai. Farashin da aka buga a baya ma yana magana, in ka ga NF wato sabon faran, kuɗin Faransa na lokacin, to tsakanin 1960 ne da 1962. In kuma ka ga lambar ISBN, lambar shaidar littafi ta duniya, a littafin da aka ce maka na 1958 ne, rufe ka miƙa masa kayansa, lambar ba ta fara aiki ba sai wajen 1970.

Toh jabu fa? Ance sun cika kasuwa.

Sun cika. Kuma makamin farko ba madubin ƙara girma ba ne, kalanda ce. Ka san ranar da mutum ya mutu ka san ranar da littafi ya fito, rabin 'yan damfara sun faɗi tun a nan.

Misalin da nake bayarwa kullum André Bazin ne, uban masu sharhin fim na Faransa, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa mujallar fim ta Cahiers du cinéma a 1951, shi ya riƙe Truffaut kamar ɗansa. Ya rasu 11 ga Nuwamba 1958, Truffaut ya fara ɗaukar Les Quatre Cents Coups kenan, shi ya sa ma aka sadaukar masa da fim ɗin. Babban aikinsa Qu'est-ce que le cinéma? juzu'i huɗu ne daga kamfanin Cerf, 1958 da 1959 da 1961 da 1962. Ka ga kenan na biyu da na uku da na huɗu bai taɓa ganinsu da idonsa ba. Littafinsa kan Jean Renoir ma sai 1971 ya fito, Truffaut ne ya tattara. Ni da kaina a farkon shigata wani mai sayarwa a intanet ya turo min hoton juzu'i na uku da "sa hannun Bazin" raɗau da shuɗiyar tawada, farashi mai sauƙi, har na fara lissafin canji, Allah Ya taimake ni na tsaya na duba shekara. Da na tambaye shi ya aka yi mamaci ya sa hannu bayan shekara uku a kabari sai ya daina amsa saƙo. In kana son hannun Bazin na gaske sai dai ka nemi abin da ya fito yana raye, kamar ɗan littafinsa kan Orson Welles na 1950 wanda Cocteau ya yi wa gabatarwa.

Haka darakta Jean Vigo, ya mutu 1934 yana ɗan shekara 29, littafin Salles Gomes a kansa 1957 ya fito. Haka darakta Georges Méliès, ya mutu 1938, littafin Bessy da Lo Duca a kansa na 1945 ne. Sa hannun marubutan zai yiwu, na mai labarin ba zai yiwu ba.

Bayan kalanda sai alƙalami. Biron Bic a ƙarshen 1950 ya shiga kasuwa, alƙalamin maka (marker) kuma sai shekarun 1960 ya yaɗu, to Delluc da ya mutu 1924 ba zai sa hannu da biro ba. Amma a lura, mutum zai iya sa hannu a 1960 a kan littafinsa na 1946, wannan ba laifi, abin dubawa shi ne kwanan watan da aka rubuta ya dace da abin da aka rubuta da shi. Sabuwar tawada a kan tsohuwar takarda kuma takan yaɗu ta yi gashi-gashi a gefe. Sannan hannun mai kwaikwayo a hankali yake tafiya, za ka ga rawa da tsayawa a inda mai suna zai wuce fyuu.

Wanda ya fi shan wahala a hannunsu Cocteau ne. Yana son zana fuska ta gefe da layi ɗaya ya sa Jean da ɗan tauraro, abin gwanin kyau kuma gwanin sauƙin kwaikwayo, shi kansa ya yi dubbai kafin ya mutu a 1963. Ni Cocteau mai zane in ba daga hannun dillalin da na sani ba ko gwanjon da ƙwararre ya duba, bana ko tayawa.

Littafin Truffaut da Hitchcock da kowa ke magana, ya yake?

Shi ne kowa ke mafarki. A watan Agusta 1962 Truffaut ya je Amurka ya zauna da shahararren darakta Alfred Hitchcock kusan mako guda a kamfanin fim na Universal yana masa tambayoyi fim bayan fim, Helen Scott na tafinta, littafin ya fito 1966 a kamfanin Robert Laffont da sunan Le Cinéma selon Hitchcock. An sake fitar da cikakke a 1983 a kamfanin Ramsay. Ga inda kalanda ta sake shigowa: Hitchcock ya mutu Afrilu 1980, to na 1983 mai hannunsa ƙarya ce tsagwaronta. Truffaut kuma rashin lafiya ta kama shi a 1983 ya rasu 21 ga Oktoba 1984 yana da shekara 52, wato lokacin da zai iya sa wa wannan bugun hannu ɗan kaɗan ne. Mai hannun su biyun a bugun farko akwai shi a duniya amma ba abin da za ka tsinta a araha ba ne, in ka gan shi da araha ka tuna araha ba ta ado.

In an ba ni takardar shaida ai shikenan ko?

Wa ya rubuta takardar? Wanda ya iya ƙirƙiro hannun Cocteau buga satifiket mai hatimin zinare zai gagare shi? Abin da ke da amfani rasit ne daga kanti mai adireshi, wanda aka rubuta bayanin littafin dalla-dalla har da cewa envoi ɗin na hannun wane ne, yadda in ya zama jabu kana da abin riƙewa ka mayar. Sai tarihin littafin, daga ɗakin karatun wa ya fito, ya taɓa shiga gwanjo, akwai tambarin mai shi na da a ciki. Dillalan da ke cikin ƙungiyar SLAM ta masu tsofaffin littafai a Faransa, wadda ke ƙarƙashin ILAB ta duniya, suna da ƙa'idar tsaya wa abin da suka sayar.

A ina ake samu?

In ka samu zuwa Paris, akwai masu koren akwatuna a bakin kogin Seine, bouquinistes, da yawa daga kayansu yanzu na 'yan yawon buɗe ido ne amma akwai 'yan tsiraru da suka san fim. Akwai kasuwar littafai ta Georges Brassens duk Asabar da Lahadi a ƙarƙashin rumfunan tsohuwar kasuwar dawakai, ita na fi so, a je da sassafe. Akwai kasuwar gwanjo ta Saint-Ouen. Sai Hôtel Drouot, gidan gwanjon da ke aiki tun 1852, inda manyan kaya ke fitowa in wani ɗan fim ko mai sharhi ya mutu magada suka fito da ɗakin karatunsa, yanzu ana iya tayawa ta intanet daga ko'ina.

Abu biyu game da gwanjo. Kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi za ka biya ba, akwai la'adar gidan da takan kai kwata har zuwa kashi 30 cikin ɗari a sama, ga kuɗin aikowa ga kwastan, ka yi lissafinka kafin zuciya ta ɗebe ka. Mutanen Nijar da Kamaru da Chadi lissafinsu a tsaye yake tunda yuro ɗaya sefa 656 ne, mu masu naira kuwa sai addu'a. Na biyu, gwamnatin Faransa tana da ikon da ake kira préemption, kai ka ci gwanjo an buga guduma sai wakilin hukuma ya miƙe ya ce ƙasa ta karɓa a wannan farashin, a kai ɗakin karatu na ƙasa. An fi yi wa rubutun hannu da wasiƙu.

In ta intanet za ka saya, kar ka yi cinikin biri a sama. Hoton bango gaba da baya, ƙashin bayan littafin, shafin sa hannu kusa-kusa, da shafin achevé d'imprimer. Wanda ya ƙi turowa ka bar shi.

Bana jin Faransanci, zan iya?

Za ka iya amma ka haddace 'yan kalmomin kasuwar. E.O. bugun farko, broché mai bangon takarda, relié wanda aka ɗaure, rousseurs jajayen ɗigo na tsufa, dos insolé rana ta cinye bayansa, manque wani abu ya ɓace. Gaskiya dai ka koyi harshen ko kaɗan ne, tara littafin da ba ka iya karantawa akwai ɗan kunya a ciki.

Akwai abin da ya haɗa harkar nan da ƙasarmu kuwa?

Akwai, Jean Rouch. Ya zo Yamai a 1941 a matsayin injiniyan hanya, ya haɗu da Damouré Zika suka yi abota da aikin fim na shekaru, fim ɗinsa Moi, un noir na 1958 da ya ɗauka a Abidjan da Oumarou Ganda ya ci kyautar Louis Delluc kuma su Godard sun yaba shi ƙwarai. Gandan nan shi ne daga baya ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972. Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a Fabrairu 2004, a Yamai aka binne shi. Littafansa akwai Les Songhay na 1954, La religion et la magie songhay na 1960, da littafin Chronique d'un été da suka yi da Edgar Morin a 1962. Mutum ne da ya yi shekara sittin yana zirga-zirga tsakanin Paris da Nijar, saboda haka 'yan uwa na can in kun ga tsofaffin littafansa a akwatin kakanni ku buɗe shafin farko kafin ku ba mai ƙosai.

Jari ne? Zan ci riba?

Kar ka shiga da wannan niyyar. Ka je ka karanta labarin Aristophil, kamfanin Paris da ya riƙa sayar wa mutane hannun jari a tsofaffin wasiƙu da rubutun hannu da alƙawarin riba wajen kashi 8 duk shekara, mutum kusan 18,000 suka zuba kuɗi, 'yan sanda suka shiga a 2014, kamfanin ya rushe a 2015, da aka fara gwanjon kayan a Drouot a Disamba 2017 da yawa ba su kai ko kusa da abin da mutane suka biya ba. Littafi mai kyau yakan riƙe darajarsa, wani ya hau, amma ranar da ka matsu ka kai wa dillali ba zai ba ka abin da ka saya ba don shi ma sai ya ci.

Ya ake adana su a ƙasar zafi?

Wannan ya fi neman littafin wuya wallahi. Takardar Faransa ta lokacin yaƙi da bayansa, 1940 zuwa farkon 1950, marar kyau ce, da kanta take yin ja tana karyewa balle ta haɗu da zafin Afrilu. Gara, kyankyaso, ɓera, ƙurar hunturu, danshin damina mai kawo funfuna, duk abokan gaba ne. Kabad mai ƙofa, nesa da bango nesa da ƙasa, inda rana ba ta dukansa don rana na cinye tawada musamman ta maka. Kar a ɗaure a leda, gumi zai yi a ciki. Kar a sa salatif ko gam a inda ya yage, bayan 'yan shekaru zai bar tabon da ba ya fita. Kuma don girman Allah kar a kai shafin sa hannu a yi masa laminatin, na san mun saba da takardun makaranta, amma a nan kashe littafin ne murus. Kowane mai daraja a yi masa ɗan kwali nasa da takarda marar asid, a riƙa fito da su ana dubawa duk wata biyu.

Na sayi wani shafukansa a manne ta sama, in yanke?

Non coupé kenan, haka ake sayar da littafan Faransa da, mai karatu ne ke bi da wuƙa yana buɗewa. In ya kai yau ba a yanke ba ka bar shi haka, ka nemi bugun aljihu mai araha ka karanta. Haka jar takardar da ake naɗawa a bango da 'yar takardar talla da ke ciki, kar ka yar, suna ƙara kuɗi. Kuma kar ka kai wa mai ɗaure littafai na bakin kasuwa ya datse gefe ya sa masa baƙin bango.

Kuɗina kaɗan ne, da me zan fara?

Ka bar su Cocteau da Truffaut tukuna. Fara da Cahiers du cinéma masu ruwan ɗorawar bango, daga 1951 zuwa 1964, ɗaiɗaikunsu ana samu ba tsada in ka cire na farko da lamba 31 ta Janairu 1954 mai rubutun Truffaut da ya caccaki manyan fim ɗin Faransa na lokacin. Akwai 'yan littafan kamfanin Seghers masu kusurwa huɗu na jerin Cinéma d'aujourd'hui, akwai mujallar L'Avant-Scène Cinéma da ta fara 1961 tana buga labarin fim sukutum. A ɓangaren sa hannu kuma nemi waɗanda suka yi tsawon rai suka yi ta zuwa taron sa hannu, Marcel Carné da ya kai 1996, Agnès Varda da ta kai 2019, Jean-Claude Carrière da ya kai 2021, ko masu sharhi da masana tarihi irin Georges Sadoul waɗanda 'yan jabu ba su damu da su ba don ba riba. Carrière ɗin ma shi ya mayar da finafinan Jacques Tati biyu littafi a ƙarshen shekarun 1950 da zanen Pierre Étaix, in ka dace da wanda su biyun suka sa wa hannu ka riƙe shi da kyau, in kuma ka gaji da shi ni ka fara nema.